Kilo Uku a Zauren Mai Unguwa

Haladu, ninke takardar nan ka mayar aljihu tukuna. Tun da ka shigo kake huci, wai mai gas ya yi maka aringizo a kuɗin gas ɗin gidan da ka zuba 'yan haya, za ka je ka tara masa jama'a. Ban hana ka neman haƙƙinka ba, amma zauna ka ji misalin wani mai gidan haya, in ya so sai ka tafi.

Mutumin nan yana da gida mai ɗaki takwas, duk 'yan haya, madafa ɗaya suke tarayya. Da hayaƙin gawayi ya ishe shi da baƙanta bango, sai ya sayo babbar tukunyar gas ya kafa a bayan madafar. Kusan duk wata take ƙarewa, mai gas ya ɗauka ya cika, ya dawo da ita da rasit: kilo ashirin da biyar, naira dubu ashirin da biyar. Shi kuwa mai gida sai ya bi ɗakuna yana karɓar dubu biyar-biyar. Kai ɗan boko ne, lissafa da kanka. Rasit kuwa a ƙarƙashin katifa yake kwana, babu ɗan hayar da ya taɓa ganinsa. In an yi ƙorafi sai ya yi ajiyar zuciya ya ce gas ya yi tsada, shi ma daga aljihunsa yake cikawa. A ɗakin ƙarshe akwai wata dattijuwa da mijinta ya rasu, da sayar da ɗanwake take riƙe kanta. Ranar biya takan kwance haɓar zani ta ƙirga masa tsofaffin ɗari-ɗari masu warin mai, sannan ta bi shi da addu'a, Allah ya saka wa Alhaji da alheri tun da yana cika musu. Shi kuma ya amsa da amin, idonsa a bushe. A unguwa mutumin kirki ake ce masa, har ajiya ake kawo masa, kuma wannan suna ya fi masa gidan daraja.

Ƙa'idar masu gas ita ce a ɗora tukunya a sikeli kafin a cika, a ga abin da ya rage a ciki, a cire shi daga lissafi. Gab da wata Sallah aka ɗauki tukunyar da wuri, wuta na ci a murhu aka kwance ta, amma rasit ya dawo da kilo ashirin da biyar cif. Mai gida ya tafi shagon mai gas kamar zai tashi sama. Mai gas ya ce masa ya shigo daga ciki su duba littafi, ɗan Adam ajizi ne. Ya ƙi. Ya tsaya a bakin titi ya kira shi ɓarawo a gaban masu saye, ya kai ƙara wurin mai unguwa, kuma don ƙarfin hali ya kwashi 'yan hayarsa su zama shaidu, tun da su suka ga wutar tana ci. A zaure aka buɗe littafi, sai ga shi an rubuta saura kilo uku, an manta ba a cire ba. Mai gas ya amsa kuskurensa, ya ƙirga dubu uku ya miƙa, ya ba da haƙuri. Da mai gidan nan mai hankali ne, a nan zai karɓa ya tashi. Amma daɗin nasara ya ɗebe shi, ya ce wa ya san tun yaushe ake cutarsa, a karanto masa na shekara ɗungurum kowa ya ji.

Mai gas ya shiga karantawa wata bayan wata, dubu ashirin da biyar, dubu ashirin da biyar. Kafin a kai wata na huɗu wani tela daga cikin 'yan hayar ya fara lanƙwasa yatsu yana ƙirga ɗakuna. Babu wanda ya zage shi, da ma zaginsa aka yi da ya fi sauƙi. Dattijuwar nan ce kawai ta gyara mayafi ta ce, "Ashe mu muke cika maka, Alhaji." Mai gida ya rasa inda zai ajiye idonsa, ga dubu uku a hannu ya rasa yadda zai yi da su.

Daga baya ya biya kowa rarar kuɗinsa, sai dai masu ajiya sun zo sun karɓe kayansu ɗaya bayan ɗaya. Dattijuwar ba ta tashi daga gidan ba. Takan gaishe shi da safe yadda ta saba, amma addu'ar nan bai sake jin ta ba har ta koma ga Allah. Wannan shi ya fi yi mini ciwo, Haladu. Ka ji na ce "mini", to ba kuskuren baki ba ne. Shekara shida ke nan, har yau kewayawa nake yi don kada in bi ta ƙofar shagon nan, kunya ba ta barina.

Je ka, a gyara maka lissafinka, haƙƙinka ne. Amma kafin ka ɗaga murya, fara shimfiɗa takardar nan a gaban 'yan hayarka, ka ga ko za ka iya haɗa ido da su. Masu iya magana sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.