Barewar da Ba a Harbi

A shekarar da gero ya bushe a tsaye a gonakin Minjibir, Zailani ya dawo daga Nijar ya tarar da Barira tana tsinkar tafasa a bakin gonar babanta. Ya gaishe ta har sau biyu, sannan ya ce yana so ya aure ta, su tafi sansanin da yake aiki a cikin hamada.

"Aikin me?"

"Kafa wa Turawa tanti. Sukan kwana, da safe mu kai su kallon barewa da jimina."

"Idan sun gani sai su harba?"

"An hana. Kallo kawai."

Ta dubi ƙwaryar tafasarta, ta dube shi, tana neman alamar wasa a fuskarsa. Babu.

"Nama yana yawo, su kalla, su koma gida?"

"Wasu har kukan murna suke yi."

Ya fara gyara hularsa, sai ta ce:

"Sau nawa ake ɗora tukunya a can?"

"Sau uku."

"To je ka sami Baba," ta ce, idonta a ƙasa. "Ka gaya masa sau ukun nan. Zancen barewa ka bar shi, kada ya ce mahaukaci na kawo masa."