Ramin Yumɓun Baƙuwa

Ke da kike ta zarya a majalisa kan dokar da za ta kare baƙi, har ana ce miki mai neman magana, zauna ki ji wannan.

Wata maginiyar tukwane fari ya koro ta daga ƙetaren iyaka, ta sauka a wani ƙauye da 'ya'yanta biyu. Dagaci ya nuna mata bakin fadama, ya ce ta riƙa ɗibar yumɓu. Kafin shekara ta zagayo, babu gidan da ba a shan ruwan randarta, kowa Inna yake ce mata. Sai wani tsohon wanzami, mutum mai naci kamar ƙuda, ya tsaya kai da fata cewa a rubuta: duk baƙon da ya yi damina uku a garin yana da haƙƙin wurin sana'arsa, ba a tashinsa sai an saurare shi gaban shaidu. Aka yi ta masa dariya. Ita kanta ta ji kunya, ta ce, "Haba Baba, mutanen da suka riƙe ni haka zan nema wa takarda?" Ya ce, "'Yata, mu ne muke son ki, kuma mu mutuwa za mu yi." Don dai ya bar su su huta, dagaci ya sa hannu, liman ya ajiye takardar.

Bayan shekara goma sha biyu dagaci ya rasu, wanzamin ma ya bi shi. Sabon dagaci ya ba wani mai lambu fadamar, aka ce baƙuwa ta nemi wani wuri. Masu ce mata Inna suka yi tsit, ba don mugunta ba, kowa na tsoron abin da bakinsa zai jawo masa. Liman ne ya fito da takardar, duk ta yi ja don tsufa, ya karanta a ƙofar fada. Aka zauna, aka saurare ta, aka bar mata raminta. Ranar ta yi kuka sosai, tana ta sa wa tsohon albarka.

Saboda haka kada ki gaji, 'yata. A rubuta yanzu da ake ga-maciji da juna, kafin zukata su bushe. Ita maginiyar ta fi kowa sani: tun ran gini, tun ran zane.