Muryar Soron Kebbe

Motar En'e, wato hukumar gargajiya, ta sake kafewa a laka tsakanin Tambuwal da Kebbe. Sama'ilu, akawun da aka ɗora wa shirya bikin samun mulkin kai, ya sauko ya naɗe wando ya kama turi. Ya gaji da hanyar nan, ita ma ta gaji da shi.

A baki aikin ba wuya. An gina sabon ɗakin taro a Tambuwal, rufin kwano, daɓen siminti. Malaman makaranta sun shirya wasan kwaikwayo wanda duk maganarsa waƙa ce, labarin wani makiyayi da kogi ya cinye masa shanu ya koma gida da sanda kawai. Manyan baƙi za su zo daga Sakkwato, kuma sun faɗi wanda suke so ya fito a makiyayin: Na'iya na Kebbe, mawaƙin da ake rufe rumfa a je saurare.

Na'iya ya ƙi zuwa.

"Ba ni waƙa sai soron Alƙali," ya ce da 'yar siririyar murya, irin ta mai tattalin maƙogwaro. "Nan muryata ka fita."

Sama'ilu ya lallasa, ya ambaci sunayen manya, ya haɗa da barazana. Na'iya ya ci gaba da tauna goronsa. Dole aka mayar da wasan Kebbe.

Soron na gidan Alƙali Ɗangiwa ne, dattijon da ya daɗe da aje aikin shari'a. Kakansa ya gina shi tun kafin zuwan Turawa, da bango mai kauri da rufi mai bakan gizo. In ka yi tari a ƙofa, sai ka ji shi ya zagaya ya dawo maka. Kowace kaka a nan Na'iya yake waƙa, a kan wani dakali da ke jikin bangon gabas, ya jingina bayansa, amawali rufe da baki. Ba a taɓa jin sa a gidan biki ko kasuwa ba. Mutane suka ce girman kai ne, amma ba su fasa zuwa ba.

Alƙali kuwa kowa ya san ba ya shiri da kiɗa. Da an fara ɗaure ganga yake shigewa ɗakin karatunsa ya ja ƙofa.

"Al'ada ce nig gada, ba ni kashe ta," ya ce wa Sama'ilu, yana kurɓar ruwan zuma da citta. "Ku yi abinku, ni dai kada a neme ni. Amma sai na ji abin da za a hwaɗi. Ba a batsa gidana."

Aka kawo malamin da ya tsara wasan, ya rera masa baitocin tun daga farko. Alƙali ya rufe ido yana saurare. Ya ce a sake. Aka sake. Bai bar su ba sai da rana ta karkata, malamin ya dusashe, sannan ya ce bai ji abin ƙi ba.

Sauran wahala ta koma kan Sama'ilu. Babban akawu ya ce masa in baƙi suka sha wuyar hanya a banza, to, ya fara neman wani aiki. Ya kwashi bencina a kan jakuna. Ya sa aka cike ramukan hanya da ƙirare, ruwan ƙarshen damina ya zo ya kwashe, ya sake sawa. Ya roƙi Na'iya ya zo gwaji, Na'iya ya ce shi ba ya gwaji.

Ranar wasa baƙi suka iso bayan la'asar, manyan rigunansu duk laka, fuskokinsu a murtuke. Soro ya cika har ƙofa. Alƙali ya gaishe su a tsaye, ya nemi uzuri, ya shige.

Aka buga ganga. Na'iya ya hau dakalinsa, ya jingina, ya dafe kunne da hannu.

Muryar da ta fito ta cika rufin ta sauko kan mutane. Mai kauri ce, mai nauyi, kamar ta wanda ya ga duniya ya gaji da ita. Makiyayin ya kira shanunsa ɗaya ɗaya da suna, kogi bai ba shi amsa ba. Babban baƙon ya daina kakkaɓe rigarsa. Wata tsohuwa ta ja mayafi ta rufe fuska. Sama'ilu ya zauna a ƙasa gefen ƙofa, karon farko tun safe.

A baitin ƙarshe, inda makiyayin zai gaya wa matarsa abin da ya faru, muryar ta yi rawa ta yanke. Na'iya ya ɗan ci gaba da kaɗa kai, sannan ya tsaya cak. Baƙi suka ɗauka gwaninta ce, baƙin ciki ya hana makiyayi magana, suka kaure da tafi.

Babban baƙon ya yafito Sama'ilu ya ce lallai a kira mai gida, yana so ya yi masa godiya da bakinsa.

Sama'ilu ya zagaya ta baya. Ya yi sallama a ƙofar ɗakin karatu, shiru. Ya tura a hankali. Alƙali na zaune a ƙasa, rawaninsa a gefe, gumi ya jiƙa masa riga, yana numfashi da ƙyar. Ya jingina kunci da bango, daidai bayan dakalin Na'iya, dab da wata 'yar kafa da tafin mutane ke shigowa ta cikinta.

Dattijon ya ɗago ido ya dube shi, bai yi yunƙurin tashi ba.

"Yaro, ja ƙofa," ya ce. "Ka ce ma Na'iya shi sallame su. Baitin ƙarshe ya fi ƙarfina yau."