Mai Ƙanƙara da Gwanin Gora

Malam, na lura duk lokacin da aka yabi maƙwabcinka sai ka ɓata rai kamar an taka maka ƙafa. To gyara zama ka ji. An yi wasu mutum biyu 'yan unguwa ɗaya, tun suna yara suke buga ƙwallon gora da goruba a lungu, kuma kullum babban ne ke lallasa ƙaramin. Da suka girma, babban ya buɗe ɗakin sanyi yana sayar da ƙanƙara. Ƙaramin kuwa karatu ya kai shi wata ƙasa mai sanyin tsiya, inda ake buga gorar nan a kan ƙanƙara, da takalmi mai ƙarfe a ƙasa kamar wuƙa. Mutumin nan ya mai da wasa sana'a. Ya ci ƙwallaye, ya zama kyaftin, ya ɗaga kofi har hannu ya gaji, haƙoransa na gaba ma can ya baro su a fili. Duk sanda aka nuna hotonsa a majalisa, sai mai ƙanƙara ya ji kamar an zuba masa barkono a ido. Ya ce, "Ni da nake ɗaukar ƙanƙara a kafaɗa shekara da shekaru, ko kofin shayi ba a taɓa ba ni ba. Shi daga zamiya sai kofi? Ƙarya ce, haɗin hoto ne. Ba mahaluƙin da zai yi gudu a kan ƙanƙara."

Ana haka sai gwanin ya zo gida cikin azumi, lokacin da ƙanƙara ke tsada kamar zinariya. Mai ƙanƙara ya ga dama ta samu. Ya fitar da kayansa kaf waje, ya lulluɓe su da buhu, ya malala ruwa a daɓen ɗakin sanyi har ya daskare, ya kira unguwa ta zo ta ga tonon asiri. Ya ce, "Bismilla, ƙanena, ga fili ga mai doki." Gwanin ya yi murmushi da giɓinsa, ya ce, "Yaya, ka wahalar da kanka." Ya ɗaura takalminsa, ya zame kamar kifi a ruwa, ya yi baya, ya juya, ya buga goruba ta wuce tsakanin ƙafafun mai ƙanƙara ta faɗa bokiti, ƙwal! Unguwa ta ɗauki sowa, wayoyi suka tashi sama. Zuciya ta ɗebi mai ƙanƙara, ya ce, "Wannan ɗin? Ai ni na koya masa!" Ya taka da silifa. Ƙafa ta yi gabas, hula ta yi yamma, ya zauna daɓas, sai da gwanin ya jawo shi da gora kamar buhun gero. Da aka fito da shi, buhunan waje sun jiƙe sharkaf, ƙanƙarar azumi ta narke tana gudu a kwata. Kafin a sha ruwa hoton ya karaɗe gari, mutanen da ba su taɓa jin sunan gwanin ba suka cika ƙofar gidan su gwanin, har da maroƙa.

Don haka, Malam, saki fuskarka. Hassada ga mai rabo taki ce.