Kiran Ƙarfe Biyar

A gidan yari, wani injiniya ya kunna na'urar toshe wayoyin da fursunoni ke ɓoyewa, gandirobobi suka tafa masa.

"Daga yau ko tari ba zai haura katangar nan ba," in ji shi.

Ya koma gida yana taƙama, ya tarar da matarsa a bakin gado, waya a tafin hannu. Shekara uku ke nan, kullum ƙarfe biyar ƙanwarta ke kira, ta shige ɗaki, ta fito da murmushin da shi bai taɓa samu ba.

Biyar ta wuce, shida ta gota, girki ya ƙone.

"Yau ƙanwar taki ta manta da ke?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Maigida, na'urar nan taku, ba ta lalacewa?"