Sai Bayan Ista

Datong ya tare Kaneng a ƙofar cocin Katolika bayan sujadar safe, ya miƙa mata makulli.

"Na ɗakinmu ne a Anguwan Rukuba. Har labule na sa. Ran Asabar ki tare."

Ta kalli makullin, ta kalle shi. Hannunta bai motsa ba.

"Ka ji Fada da kunnenka. Ba ya ɗaura aure cikin Azumi, sai bayan Ista."

"Haba, Kaneng! An yi na gargajiya, kawunnanki sun ci akuya sun sa albarka. Wa zai ce ke ba matata ba ce?"

"In na tare yanzu, ba ni da damar karɓar Jibin Ubangiji. Kowa ya tashi ya karɓi gurasa mai tsarki, ni ina zaune a benci kamar baƙuwa?"

Ya yi tsaki. "Sati shida ne fa kawai!"

"Sati shida kawai, amma kai ka kasa jira?"

Ta karɓi makullin, ta zura masa a aljihun riga, ta dafa wurin da tafin hannunta.

"Ina son ka, Datong, ka sani. Amma ba zan shiga gidanka in bar Yesu a ƙofa ba."