Jan Yawu a Sarewata

Ina aji huɗu a firamaren Kurfi, 'yan shekaru kafin a ba ƙasa mulkin kai. Ina da sarewa ta karan dawa, wadda wani makiyayi daga Wurma ya fafe mini. A bayan littafin lissafina kuma nake rubuta waƙoƙin da nake busawa.

Wata rana bayan azahar malaminmu yana duba aiki. Lissafin duka na ci, amma ya juya littafin ya ga waƙa. Ya laluba aljihuna ya zaro sarewar.

"Ɗan gidan malamai da aikin maroƙa?" in ji shi.

Na miƙa hannu ina jiran bulala. Ina ma ita ya yi mini. Bakinsa cike yake da goro da garin taba. Ya kafa sarewar a leɓensa ya hura, ya sake hurawa, har jan yawu ya fara ɗiga ta ƙasanta. Sannan ya miƙo mini ita da ɗuminta.

"To, busa mu ji."

Warin taba da tsamin goro suka doke ni. Yara suka zuba mini ido. Na rufe ido na busa, ba abin da ya fito sai kumfa. Shi kaɗai ya yi dariya.

A hanyar gida na jefa ta cikin kwata. Waƙa kam ban daina rubutawa ba. Amma yau ga ni da furfura, ko a ɗaurin aure aka miƙo mini goro, sai in sa aljihu in kai wa wani.